Littafin koyon hoto: daga kakar riɗi zuwa tsakiyar hunturu

Lahadi, 3 ga Nuwamba 2024

Jiya da daddare na dawo daga Kano da kyamara. Canon 600D ce ta hannu, samfurin da aka fara fitarwa a 2011, da gilashinta 18-55mm, batir ɗaya da abin caji. ₦215,000 na biya, bayan mai shagon ya rantse sau biyu cewa faɗuwa ya yi. Memori mai 16GB ₦6,500. Ɗan abin da ake soka memorin a jona da waya ₦2,500, tunda kyamarar ba ta da Wi-Fi. Mota daga Gumel zuwa Kano da dawowa ₦8,000. Jimla ₦232,000, wato kuɗin riɗina na bana da tunkiya ɗaya.

Bari in rubuta dalili tun yanzu don kada in manta. Kakanmu ya rasu bai bar hoto ba sai wani ɗan fasfo da ya koɗe, ba ka gane komai sai hula. Iya, kakarmu, kuwa tana nan da ranta. Duk hoton da na ɗauke ta da waya, wayar sai ta goge mata tamoji ta ƙara mata fari, in na nuna mata ta ce, "Wannan wace amarya ce?" Ina son hoto ɗaya da zan rataye a zaure, wanda za ta kalla ta ce ita ce.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Kwana uku ina zaton an sayar mini da lalatacciya. Duk abin da na leƙa ta tagar ido dishi-dishi yake, amma hoton in ya fito a sikirin ras. Ashe akwai wata 'yar ƙaramar taya a gefen tagar da ake murzawa daidai da ƙarfin idon mutum, kuma da alama mai ita na farko tabarau yake sawa. Na murza har lambobin ciki suka fito sarai. Allah ya sa ban riga na kira mai shagon na yi masa rashin kunya ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Gwajin farko da Iya. Na fito da ita tsakar gida bayan azahar, a tunanina inda rana ta fi ƙarfi nan hoto zai fi kyau. Na bar kyamara a kan koren akwatin nan da take yanke komai da kanta. Hoto 14, babu na kirki ko ɗaya. Idanunta ramuka biyu baƙi ƙirin, goshi yana ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa, farin mayafinta ya ƙone babu ko alamar zare. Ga igiyar shanya ta ratsa ta kunne ɗaya ta fita ta ɗayan.

Ta karɓa ta kai kusa da ido, ta ce, "Maigidan, tunkiyar taka ka sayar don wannan?"

Talata, 12 ga Nuwamba

Na je Gumel wurin wani dattijo da ya yi sana'ar hoto tun zamanin fim. Yanzu fasfo kawai yake ɗauka a ɗan shagonsa. Na kai masa goro na ₦500. Bai ko kalli kyamarar ba, hotunan ya ce in nuna masa.

Ga abin da na kwaso, da bakina na sake tsara shi.

Abu uku ke tara hasken hoto. Na farko ƙofar gilashi, mai lamba f. Lambar tana tafiya a juye: f/4 ƙofa ce babba, f/16 ƙarama. Daga 4 zuwa 5.6, zuwa 8, zuwa 11, zuwa 16, kowane tsani yana raba hasken biyu. Na biyu saurin ƙiftawa, wato daɗewar da kyamara ke yi a buɗe: 1/250 na daƙiƙa rabin hasken 1/125 yake shigarwa. Na uku ISO, wanda in ka ɗaga hoto zai yi haske amma ya yi yashi-yashi. Ya kwatanta mini da ban ruwa: faɗin bakin kwatami da daɗewar da aka bar shi a buɗe. Duk wanda ya taɓa aikin fadama ya gane wannan.

Sai maganar da ta fi tsaya mini. Ya ce ma'aunin hasken da ke cikin kyamara bai san fari ba, bai san baƙi ba. Duk abin da aka nuna masa so yake ya mayar da shi ruwan toka, matsakaici. Ka cika masa ido da farar riga, sai ya ɗauka haske ya yi yawa ya rage, fuskar mai rigar ta nutse. Ka nuna masa cikin zaure mai duhu, sai ya buɗe har komai ya wanke.

Na ce, "Baba, to ku da kuke da fim mai hoto 36, ba sikirin, yaya kuke yi?"

Ya ce, "Yaro, rana ba ta canzawa. In ta fito tsaf, f/16, saurin ƙiftawa daidai da lambar fim. Fim 100, ka sa 1/125. Sauran lissafi ne."

Na fita ƙofar shago na gwada a kan M, inda kai ke saita komai da hannunka. Wallahi daidai ya fito. Na koma f/8 da 1/500, hasken bai canza ba. Tun da na sayi kyamarar sai yau na ji ni ke riƙe da ita.

Da zan tafi ya ƙara da cewa kada in sake tsayar da tsohuwa a rana.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Bayan an sauko daga masallaci na tare abokai uku da fararen kaya. Na sa Av, inda ni ke zaɓar ƙofa kyamara ta zaɓi sauri, f/5.6, ISO 100. Kamar yadda Baba ya faɗa, rigunan suka fito ruwan toka, fuskoki duhu. Na danne maɓallin Av+/-, na ƙara haske ko rage shi, na murza zuwa +1. Fuska ta dawo, amma kafaɗun da rana ke duka suka ƙone. In na buɗe hoton tare da histogiram, zanen da ke nuna yawan haske da duhun hoto, wuraren sai su riƙa ƙifta baƙi. Na rage zuwa +1/3, riga ta gyaru, fuska ta tafi. Haka na yi ta kai da kawo har ɗaya ya ce yunwa yake ji.

Ba lamba ce za ta raba wannan gardamar ba. Tazarar da ke tsakanin farar shadda a rana da baƙar fuska a ƙarƙashin hula ta fi abin da kyamarar ke iya ɗauka lokaci guda. Na ja su gindin darbejiya, na juya su suka fuskanci fili. A +2/3 riga da aikinta, fuska da annurinta, duk suka zauna.

Ɗayansu ya ce in "haska shi" kafin in tura masa. Na ƙi. Fuskar da aka ba ta hasken da ya isa daban, fuskar da aka mayar fara daban. Ta biyun ce ta sa na sayar da tunkiya. Ya ce zai yi da kansa a waya, na ce fuskarsa ce.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Kaji, turmi, katanga. Hoto 60, na goge 55.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Kasuwar Maigatari. Na daɗe ina jiran wannan rana: raƙuma, manyan bijimai, Buzaye da rawunansu, dillalai suna tafa hannu. Na isa kara da hantsi. Kafin in ɗaga kyamara sai na yi sallama na nemi izini. Wasu suka yarda, wasu suka ce sai na biya, wani dattijo ya juya mini baya ba tare da ya ce uffan ba. Wajen bakin iyaka da inda jami'ai suke ban ko fito da ita daga jaka ba.

Na ɗauki 140. Rana ta hana ni ganin sikirin sosai, ni ma ɗoki ya hana ni tsayawa in duba. Sai a mota na buɗe. Inna lillahi. Ashe daren Laraba na gwada ɗaukar yara a hasken fitila, na bar ISO a 1600 da ƙarin haske a +1 da 1/3, ban mayar ba. Sama fari fat, fararen shanu ba ka bambance doro da wuya, kyamara ta ƙure ƙofa tana neman tsira. Akwai wani da raƙumi ya sunkuyo daidai kan wani yaro mai tallan fura, irin wanda ba ka samu sau biyu. Ya ƙone. Da a ce RAW nake ɗauka, wato ɗanyen fayil da ya fi jure gyara, wataƙila a ceto wani abu, amma JPEG ne, wanda kyamara ta riga ta matse.

Mota da abinci ₦3,200, sun tafi a banza. Na yanki takarda na manna a murfin gilashi: ISO, +/-, fokas, batir. Zan karanta duk lokacin da na cire murfin. Na kuma koma RAW haɗe da JPEG. Kowane RAW yana cin wajen 25MB, don haka memorin zai riƙa cika da wuri.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Mata suna ɓarar zoɓo a gidan Baffa, an baza shi a tabarmi. Ja kamar garwashi. A hoto kuwa sai ya zama faci ɗaya, ba ka ganin ɓawo ɗaya-ɗaya, alhali histogiram na nuna komai lafiya. Sai da na buɗe mai launi uku na ga jan ya haye bangon dama shi kaɗai. Na rage -2/3, na sauya salon launi daga Standard zuwa Neutral. Zoɓo ya dawo zoɓo. Hannayensu kawai na ɗauka, domin matar Baffa ta ce fuska ban da ita, kuma hannayen da suka rine sun fi ba da labari.

Lahadi, 1 ga Disamba

Wannan makon na ba wa tsarin hoto. Na kunna layukan da ke raba sikirin gida tara, ina ɗora mutum a layin gefe kamar yadda ake ta koyarwa a YouTube. Ga gona, ga rumbu, ga hanyar shanu, abin yana kyau: ƙasa kashi biyu sama kashi ɗaya, ko akasin haka, kuma na daina karkatar da duniya.

Amma da na ɗauki Baffa a gefe, daga gwiwa zuwa sama, da fili a gabansa, ya duba ya ce, "Kai, wa ka bar wa wannan wurin? Kuma ina takalmina?" Sabon takalmi ne, don shi ya yi wanka. Na so in yi masa bayanin kashi uku sai na ga ba ni da gaskiya. Mutumin da ya sa babbar riga ya tsaya a ɗauke shi, a tsakiya yake so, daga hula har ƙasa, kuma hoton nasa ne. Na sake ɗauka yadda yake so. Ya fi na farkon kwarjini, ko ni na gani. Dokar kashi ukun nan na mayar da ita shawara.

Abin da ya fi ta amfani shi ne wanda Baba ya faɗa a Gumel: kafin ka danna, zagaya da ido kusurwa huɗu. A garin nan abokan gabana uku ne, baƙar leda, turken wuta da ke tsirowa a kan mutum, da yaran da ke leƙowa daga gefe. Taku biyu zuwa hagu yana kawar da turke. Leda sai ka tsince. Yara kuwa sai ka fara ɗaukarsu ka nuna musu, sannan su bar ka. Su ma na lura in na durƙusa daidai tsayinsu sun fi fitowa mutane, ba kawuna da aka leƙo daga sama ba.

Talata, 10 ga Disamba

Na kasa haƙuri. Wani direba da ke zuwa Kano ya karɓo mini gilashi 50mm f/1.8 na hannu, ₦92,000 da ₦1,500 na kawowa. Rabin kuɗin bashi ne daga Yaya, zan biya daga shagon caji. Hujjata: ɗakin Iya duhu ne, gilashin farko in na ja shi zuwa 55mm ba ya wuce f/5.6, wannan kuwa yana shigar da haske kusan ninki goma.

Alhamis, 12 ga Disamba

Sabon gilashi, sabon wauta. Na buɗe shi f/1.8 da tsakar rana, sai 4000 ta hau ƙiftawa a tagar ido. Iyakar saurin kyamarar ke nan, 1/4000, kuma bai isa ba. Sai na sauko f/4 ko in shiga inuwa.

Na biyu ya fi ciwo. Na ɗauki ƙanwata sau goma sha biyu a zaure, a sikirin duk sun yi kyau, baya ya narke kamar man shanu. Da na zuƙo hoton sai na ga hanci ne ya fito ras, ko ɗankunne, ido kuwa dishi-dishi. A f/1.8, in mutum yana taku biyu daga gare ka, abin da ke fitowa sarai bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, wajen santimita 6. Ni kuma na bar wa kyamara ta zaɓa cikin ɗigonta tara na fokas, waɗanda ke kama inda zai fito sarai, ita kuwa abin da ya fi kusa take kamawa. Na mayar da ita ɗigon tsakiya kawai, wanda ya fi sauran kamu. Sai wata matsala: in na kama ido da shi na karkata don gyara tsari, fokas ya ɗan zame. Yanzu ina zaɓar ɗigon da ya fi kusa da ido da hannuna, ina tsayawa a f/2.8, sauri kuma ba ya sauka ƙasa da 1/125. Gilashin ba shi da abin hana rawa, kuma a jikin wannan kyamara 50mm yana jawo abu kusa kamar 80mm. Gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, a riƙe numfashi.

Cikin 20 na yamma, 13 ido ya fito.

Alhamis, 19 ga Disamba

Maigatari karo na biyu. Hazo ya sauko tun Talata, rana ta zama kamar faranti, kana iya kallonta. Kowa na ƙorafin tari, ni kuwa murna nake: babu inuwa mai kaifi, fuska a ƙarƙashin rawani tana fitowa ba wahala. Sai dai ma'aunin yana ganin farin sama ya rage, don haka +2/3 na yini a kai. Na karanta takardar murfi kafin in fara.

Na sa Tv, inda ni ke zaɓar sauri, a 1/500, da AI Servo, fokas mai bin abin da ke motsi, don shanun da ake korowa, na samu uku masu kyau. Wanda na fi so: raƙuma biyar a jere suna shigowa, na farko sarai, na ƙarshe ya kusa narkewa cikin ƙura. Wani Buzu da ya ga nasa ya ce in tura masa. Na tura ta WhatsApp a matsayin fayil, domin in ka tura a matsayin hoto yana matse shi ya rage masa kyau.

Sau huɗu na canza gilashi a tsakiyar kara.

Lahadi, 22 ga Disamba

Ga sakamakon canjin. Duk hoton da na ɗauka daga f/11 zuwa sama akwai ɗige-ɗige a sararin sama, wuri ɗaya ba sa motsi. Na ɗauki farar takarda a f/22 na ƙirga goma sha ɗaya. Ƙura ta hau sansa, ɗan allon cikin kyamara da ke ɗaukar hoton. Girgizar da kyamara ke yi da kanta in an kashe ta ba ta cire ba.

Abin da na yi bayan nan kunya nake ji in rubuta. Na shiga menu na ɗaga madubi, na leƙa, na hura da baki. Garin neman gira. Yanzu ban da ƙura akwai wani tabo mai zagaye a kusurwar hagu, na yawu, yana fitowa tun daga f/5.6. Na ɗauko auduga na tsaya ina kallonta, Allah ya taimake ni na ajiye.

Asabar, 28 ga Disamba

Ba kuɗin zuwa Kano. Ina ɗauka a f/2.8 inda tabon ba ya nunawa sosai. Sanyi na cinye batir da wuri, sai in sa shi a aljihun ciki.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Kano. Mai gyara ya share sansa da ɗan tsinke mai laushi da ruwan musamman, minti goma, ₦10,000. Ya tambaye ni wa ya tofa mata yawu, na ce wani yaro ne. Robar hura iska ₦4,000, mota ₦8,000. Hura baki ɗaya ta ci ₦22,000. Daga yau gilashin da na fita da shi, da shi zan dawo. In dole ne, a ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa.

Asabar, 11 ga Janairu

Kwana huɗu ina lura da ɗakin Iya ba tare da kyamara ba. Ƙofarsa gabas take kallo. Da sassafe rana na shiga kai tsaye, ta yi kaifi. Wajen ƙarfe goma ta haye, sai hasken da ƙasar tsakar gida ke mayarwa ya shigo, mai laushi, ɗan ja-ja. A lokacin take zama bakin ƙofa daga ciki tana gyaran wake.

Yau ban ce ta tashi ba, ban ce ta canza zane ba. Na kawar da bokitin roba da ke bayanta. Na sa ƙanwata ta riƙe farin buhu a ɓangaren da ke duhu don ya mayar da haske kan kumatu. Na zauna a ƙasa. Na san duhun ɗakin zai ruɗi ma'aunin ya buɗe da yawa, don haka na koma M: f/2.8, 1/160, ISO 400. Na gwada ɗaya, na duba goshi bai ƙone ba, na ɗora ɗigo a idon da ya fi kusa da ni.

Da farko ta ƙame kamar mai fasfo. Na sauke kyamara na ce, "Iya, wai da gaske ne sadakinki akuya ce gurguwa?" Ta ɗago ta nuna ni da yatsa, "Ka ci gidanku, saniya ce da ɗanta!" Na danna sau uku. Na tsakiyar ne. Ido ras, tsagar kumatunta ta fito layi-layi, baƙinta yadda Allah ya yi shi, bayanta duhu sai ɗan ƙyallin jeren kwanuka. A tsakiya na sa ta.

Yatsan da ta nuna ni da shi ya ɗan yi dishi don motsi. Na bar shi.

Talata, 14 ga Janairu

Na wanke shi a Gumel, 8x10, ₦1,500, firam ₦3,000. Wankin farko mai injin ya "gyara" mini, ya ƙara fari har tsagar ta ɓace. Na ce ya sake, kada ya taɓa komai, na biya sau biyu. Takarda ta fi sikirin duhu kaɗan, na gaba zan ƙara kashi ɗaya cikin uku kafin in kai. Na biya ta shagon Baba na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa farce a gefen sama inda bakin wata ƙwarya ya leƙo. Kusurwa huɗu, in ji shi.

Iya ta riƙe shi da hannu biyu, ta kai shi bakin ƙofa. Ta ce, "Tsufa ya zo." Can kuma ta ce me ya sa ban bari ta sa ɗankwalinta na Sallah ba. Ta hana a kai shi zaure, ta sa an rataye a ɗakinta saman gado.

Lissafi zuwa yau, har da goro da motocin Maigatari biyu: ₦360,400. Bashin Yaya saura ₦31,000.

Na gaba: batir na biyu in an samu kuɗi. Koyon buɗe RAW a kwamfutar makarantar da abokina ke koyarwa. Gwada filasha da rana don cike inuwar hula, tunda ba ta wuce 1/200 sai na rufe ƙofa zuwa f/11. Kafin azumi ina son in iya bin doki a guje, saboda haka ranar Alhamis zan fara da jakunan masu ɗiban ruwa. Iya kuma ta ce Juma'a, da ɗankwalin.